Tambaya da Amsa: Gyokeres ko Osimhen?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗan Arsenal ne tun zamanin Henry. Don Allah me yasa muka sayo Gyokeres a 2025 alhali ga Osimhen a kasuwa? Ni fa ina ganin kuɗinmu muka zubar.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, ka ɗan sassauta mana. Gyokeres fa ƙwallo 39 ya ci wa Sporting a lig ɗin Portugal a kakar 2024/25, ba abun wasa bane, amma gaskiya tsoronka yana da tushe don Darwin Nunez ma 26 ya ci wa Benfica a wannan lig ɗin a kakar 2021/22 kafin Liverpool ta ɗauko shi a 2022 kuma kowa yaga yadda ya dinga ɓarar da dama shi da gola ido da ido. A Firimiya difenda baya barinka ka juya, kana tarbar ƙwallo ya riga ya manne maka a baya, shi kuma Gyokeres ɗan fili ne, so yake a jefo masa a gaba ya bi da gudu.

Osimhen kam, ni ma da shi zan ɗauka, wanda yaci 26 a Serie A, lig ɗin Italiya, har ƙungiyarsa Napoli ta ɗau kofi a 2023 bayan shekara 33, ga ƙwallon kai kamar me. Sai dai albashinsa ba ƙarami bane, Galatasaray ma Yuro miliyan 75 ta ajiye kafin Napoli ta sake shi gaba ɗaya. Ka ba Gyokeres kaka biyu cur tukunna, sannan ka dawo muyi lissafi.