Me Bahaushe ke kiran "ƙal'a"?

Wani ɗalibi daga Mai Wurno, kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, ya rubuto: "Malam, mun taɓa zuwa kufan Tsohuwar Dongola, Larabawa na ce wa ginin ƙal'a. Me ake kiransa da Hausa? Kakata ta ce badala, babana ya ce ganuwa."

Ɗana, ƙal'a a Larabci ginin tsaro ce ta yaƙi. Kakarka da babanka dukansu ba su yi kuskure ba, sai dai kowa da gefen da ya kama. Ganuwa ita ce katangar da ta kewaye gari, garin da ke cikinta kuwa shi ne birni. Badala asalinta dakalin nan ne na cikin ganuwa inda 'yan baka ke tsayawa su yi harbi, amma Kanawa sun ja kalmar har ta rufe katangar duka. Ina zaton kakarka jinin Kano ce. Ramin da aka haƙa a waje, wanda daga cikinsa aka ɗebi ƙasar gini, shi ne gwalalo.

Bahaushe gari yake kewayewa, har da gonaki, don in an yi zobe kada yunwa ta ci mutane. Shi ya sa ba mu da kalma guda da ta yi daidai da ƙal'a. Mafi kusa ita ce ribaɗi, garin tsaron iyaka, kuma kai ka fi kowa cancantar saninta: Wurno ta ƙasar Sakkwato, wadda garinku ya samo sunanta, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce, can aka binne shi a 1837.

Dongola kuwa birni ce sosai, babban birnin daular Makuriya a gabashin Nilu, da ganuwar tubali mai fuskar dutse. A 652 gwamnan Masar Abdullahi ɗan Abi Sarh ya kewaye ta har da majaujawar jifa, bai ci ta ba, aka ƙare da yarjejeniyar sulhu da ake kira Baƙt. Sai a 1276 aka ci ta, da 'yan gidan sarauta suka yi rikicin gado, ɗayansu ya gayyato rundunar Sarki Baibars daga Masar. Irin wannan ne ake ce wa sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Lura, "bango" aka ce, ba "ganuwa" ba: maganar gida ce asali, ta ma'aurata da 'yan'uwa.

Dogon ginin da ka gani a kan tudu, an mai da shi masallaci a 1317. Shi wannan, soro za ka kira shi.