Warin sholisho a kofi da kwalba

Tambaya: Baba, ina karatu a Luwisbil, jihar Kentaki ta Amurka, da dare kuma ina wanke-wanke a wani gidan abinci. Ni ba na sha, amma kofunan giyar nan da suke kira bourbon ta hannuna suke bi, kuma wasu warinsu sak na sholishon masu faci. Rannan har wani baƙo ya mayar da nasa kofin. Anya ba guba ake ɗura wa mutane ba? Abin ya tsaya mini a rai.

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka, Allah ya saka maka da wannan tausayi. Hancinka bai yi maka ƙarya ba. Dokar Amurka ta ce aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin wannan giya ya zama masara, sannan a ajiye ta a sabuwar gangar katako da aka babbake cikinta. Tun hatsin na tsimuwa har zuwa zaman ganga, barasa kan haɗu da tsami irin na binega su haifar da wani sinadari, etil asitet. Shi ake sawa a wasu gam da ruwan goge jan farce, ana kuma samunsa a 'ya'yan itacen da suka nuna. In kaɗan ne, ƙamshin 'ya'yan itace yake bayarwa. In ya yi yawa, sai ka ji kamar kana rumfar mai gyaran takalmi. Shi ya sa masu dafawa ke ware ruwan farko da ya fito daga tukunya, don a nan ya fi taruwa. Wanda ya yi rowa bai ware isasshe ba, hanci zai tona shi. Ga kuma ƙarfi: barasar da ke cikinta ba ta gaza kashi 40 cikin 100, wasu ma sun haura 60, wannan kaɗai ya isa ya doki hanci. Illar da ke cikin kofin baƙonka ita ce wadda kowa ya sani, ta barasar kanta.

Amma tun da ka taɓo maganar guba, bari in amayar da abin da ke cina. Mutanenmu sun mayar da hanci ɗakin gwaji. A shinshina, a ce "wannan lafiya lau", a biya kuɗi. Alhali abin da ke kisa, wato metanol, wani sinadari mai guba dangin barasa, warinsa bai bambanta da na barasa ba yadda hanci zai raba. Cokalin shayi biyu na iya makantar da mutum har abada. A 2015 an yi ta jana'iza a Ode-Irele ta jihar Ondo, bayan 'yan watanni kuma a jihar Ribas, duk a kan ogogoro mai metanol. Kada wani ya ce ina ruwana, ai ni ba mashayi ba ne. A 2020, lokacin korona, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi ta gargaɗi kan man tsaftace hannu da aka shigo da shi daga Meziko, saboda an samu metanol a ciki. Mai haɗa jabu sinadarin da ya fi araha yake nema, bai damu da wanda zai shafa ko yaron da zai kurɓa ba. Mugun abin kuma ba ya nuna kansa nan take. Sai an kwana ko an wuni, sannan ciwon kai, amai, gani dishi-dishi. Wanda ya ga haka ya nufi asibiti, ba kemis ba, kada kuma a tsaya ba shi madara da manja.

Tambaya: Na sayi turaren fesawa naira dubu uku, da sunan wani babban kamfanin Faransa a kwalin. In na fesa warin gam yake yi. Ko zai gyaru in ya daɗe?

Amsa: 'Yata, ba zai gyaru ba. Turaren Faransa a dubu uku? Ko kuɗin kwalinsa bai kai ba, kin kuma sani. Araha ba ta ado. Kowane turaren fesawa kan yi warin sifirit a fesawar farko, amma kafin minti ɗaya ya tashi ya bar ƙamshi. Wanda warin ya zauna, an tsinka shi ne da abin da Allah kaɗai ya sani. Kada ki sa a fata, kada ki bar shi inda hannun yara zai kai. Gaba in za ki saya, fesa a takarda, ki zaga kasuwa ki dawo ki sake shinshinawa. Duba lambar NAFDAC, ko da yake ita ma ana buga ta bogi. In kuɗin bai kai ba, humra mai kyau a wurin wadda kika sani ta fi miki.

Tambaya: Maigidana a Legas yana shan bourbon. Wace iri zan saya masa don ya ƙara mini girma?

Amsa: Malam, duk garin nan ni ka ga ya dace in zaɓa maka giya? Ba ka san abin ba, ba ka iya raba na gaskiya da jabu ba, kana shirin kwashe albashinka ka kai wa mutum kwalbar da ba ka san me ke ciki ba. Sayi kilishi mai kyau ka kai masa, ka kuma riƙa zuwa aiki a kan lokaci.