Yaron da ya gagari kowa: amsoshin likita

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 7 akwai taurin kai da gardama. Ciwon ɗabi'a ne?

Amsa: Taurin kai kaɗai bai kai nan ba, Hajiya. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5 na 2013, ya lissafa alamomi 15 na ciwon ɗabi'a (conduct disorder), irin su cin zali, azabtar da dabbobi, sata da cinna wuta, kuma sai an ga aƙalla 3 cikin wata 12. In hankalinki bai kwanta ba, ki kai shi asibiti.

Tambaya: Ko'ina a duniya magani iri ɗaya ake bayarwa?

Amsa: A'a. A Amurka an fi saurin rubuta ƙwayoyi irin su risperidone fiye da Turai. A Ingila kuwa, hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya, ta ce a 2013 kada a riƙa ba da ƙwaya haka kawai, a fara da koya wa iyayen yara 'yan shekara 3 zuwa 11 dabarun tarbiyya. Ni ma nan na fi karkata.

Tambaya: Ɗana mai shekara 14 yana sata da faɗa. Na doke shi, na ɗaure shi, abin sai gaba yake yi. Wani ya ce in zuba masa maganin barci a abinci.

Amsa: Malam, don Allah kada ka kuskura. Wannan shawara tana ɓata mini rai matuƙa. Maganin barci ba bisa umarnin likita ba yana iya danne numfashin yaro cikin dare, ko ya jefa shi shaye-shaye. Na san gajiya ce ta kai ka nan, amma ka kwance shi yau.

Da bakinka ka ce duka bai yi aiki ba. Yaron da ake jibga kullum darasi ɗaya yake ɗauka: mai ƙarfi shi ke da gaskiya, sai ya fita ya gwada a kan na ƙasa da shi. A Amurka an taɓa kai irin waɗannan yara gidan yari don fursunoni su tsorata su. Da aka bi diddigi, waɗanda aka kai sun fi sauran komawa laifi.

Sau da yawa akwai abin da ke ƙasa: rashin natsuwa, ciwon damuwa, shan ƙwaya, ko wani yana cutar da yaron a ɓoye. Sai an bincika za a gane. Ka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa cikin makon nan, ku tafi tare da mahaifiyarsa, domin aikin na gida duka ne har da makaranta. In ya ɗauki makami ko ya ambaci kashe kansa, asibiti nan take.