Tambaya da Amsa: Iska Nawa Ya Dace a Yi wa Tayar Mota da Aka Ɗaura wa Kurkura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da babur mai ƙafa uku na dakon kaya, wanda muke kira kurkura, kuma da shi nake kai gero da riɗi kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis. Da tayoyin baya suka cinye, sai na sa na mota 'yan Kwatano masu lamba 155/80 R13 79T. Mai faci yana yi musu iska har geji ya kai 50, yana cewa kayan nauyi sai da iska mai yawa, amma idan na dawo ba kaya sai babur ya yi ta tsalle. Iska nawa ya kamata in riƙa yi?
Daga wani mai karatu a ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, Jihar Jigawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Hamsin ya yi yawa, kuma ina roƙonka ka rage shi kafin ka sake hawa titi. Idan ka duba gefen tayar da kyau za ka ga an rubuta iyakar iskar da za ta iya ɗauka, wadda a yawancin tayoyin ƙananan motoci take tsayawa a PSI 44 ko 51 (PSI shi ne ma'aunin ƙarfin iska da geji ke nunawa). Wannan lambar iyaka ce da ba a so a ƙetare, ba ita ce ake cika taya a kanta kullum ba. Abin da ke yanke yawan iska shi ne nauyin da aka ɗora wa tayar.

Lambar 79 da ke jikin tayarka tana nufin kowace ɗaya za ta ɗauki kilo 437, kuma takan kai wannan ƙarfin ne a kusan PSI 36. Daga nan duk iskar da aka ƙara ba ta ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya, sai dai ta sa ta yi tauri, tsakiyarta kaɗai ya riƙa taɓa ƙasa, birki ya rage kamawa, ramin hanya kuma ya fi saurin fasa ta. Tayoyin baya guda biyu sun tashi kilo 874 ke nan, kuma a cikin wannan lissafin akwai nauyin bodin kurkurar da na duk wanda ya zauna a kan kaya. Saboda haka idan ka ɗora buhu takwas masu kilo ɗari-ɗari, ka riga ka wuce abin da tayoyin za su iya, kuma babu iskar da za ta gyara wannan. Mai irin wannan lodin ya nemi taya mai harafin C bayan lambar girmanta, irin ta ƙananan motocin kaya, domin ita aka ƙera da ƙarin kauri don ta ɗauki iska mai yawa.

Shawarata ita ce ka yi wa na baya 35 zuwa 36 a ranar da za ka yi lodi, sannan a kwanakin da kake zirga-zirga da kaya marasa nauyi ka sauke su zuwa kusan 28, wanda zai rage tsallen da kake kuka da shi. Kada ka yi ƙasa da haka sosai, domin taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasuwa tana ɗaukar zafi, kuma ita ce ta fi fashewa a kan kwalta da rana tsaka. Lallai ne tayoyin biyu su zama daidai da juna. Abin hawa mai ƙafa uku ba ya da wuyar kifewa a kwana, kuma idan ɓangare ɗaya ya fi laushi, can kayan za su rinjaya. Tayar gaba kuwa ka bar ta irin wadda kamfani ya sa, da iskar da ya rubuta a littafin babur ɗin.

Akwai gwajin da za ka yi da kanka a ƙofar gida. Ka ja layi mai kauri da alli a faɗin tayar daga gefe zuwa gefe, ka tuƙa a miƙe a kan dandaryar ƙasa ko kwalta na ɗan taƙi kaɗan da kayan da ka saba ɗauka, sannan ka sauka ka duba. Idan allin tsakiya ne kawai ya goge, iska ta yi yawa. Idan na gefuna biyu ya goge ya bar na tsakiya, ta yi kaɗan. Abin da ake nema shi ne layin ya goge bai ɗaya.

Awon iska da sassafe ake yinsa, kafin taya ta yi tafiya. Bayan doguwar tafiya a zafin bazara geji zai nuna ƙarin PSI huɗu ko fiye, kuma wannan ba matsala ba ce. Wanda ya sace iskar a lokacin zai wayi gari da taya mai ƙarancin iska. Haka kuma sanyin hunturu kan rage ta, don haka a riƙa dubawa duk mako. Zai fi kyau ka mallaki ƙaramin geji naka, domin na masu faci da yawa ya sha faɗuwa, wasu ma da ƙwanƙwasa taya da sifana suke awo, kuma kunne ba ya bambance 36 da 45. Idan rairayi ya tilasta maka rage iska a hanyar ƙauye, ka mayar da ita a wurin mai faci na farko kafin ka ɗauki kwalta.

Tunda 'yan Kwatano ka saya, ka nemi lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2317 na nufin mako na 23 a shekarar 2017. Tayar da ta kai shekara goma, ko wadda gefenta ya tsattsage ko ya yi ƙulu, ba a ɗora mata buhu ko da zanenta yana nan daram.