Abin da ya haɗa Sarki Charles da majalisar Ingila

Ka tambayi abin da ya haɗa Sarki Charles na Ɗaya da majalisa har aka kai ga yaƙin basasa. Tushen rigimar haraji ne da addini. A 1629 ya sallami majalisa, ya shekara 11 yana tara kuɗi ba da yardarta ba, sai da yaƙin Sukotlan ya matsa masa ya sake kiranta a 1640. A Janairun 1642 ya je da dakaru don kama wakilai biyar, ya tarar sun tsere. A ganina nan amana ta ƙare. Kada ka ɗauka faɗan talaka da sarauta ne, domin akwai masu hannu da shuni a kowane ɓangare. Batun halaccin kashe sarkin a 1649 kuwa, tuntuɓi malamin tarihi.