Tambaya da Amsa: Wai naman da ake nomawa a tanki da jinin ɗan tayi ake ciyar da shi?

TAMBAYA: Slm Malam, barka da aiki. Ni ɗan gidan fawa ne, babanmu ya fi shekara talatin yana kwata a Tudun Wada, ni kuma na ɗan yi boko shi ya sa duk abin da aka gani a waya ni ake tambaya. To jiya da daddare muna majalisa wani abokina ya nuna mana bidiyon Turawa suna haɗa nama a wani tanki kamar na masu fiya wata, wai ba yanka ba komai, sai wani a cikinmu da ya karanta bayoloji ya ce ƙarya ne, ai da jinin ɗan tayin saniya ake ciyar da abin, gardama ta kaure har aka watse ba a daidaita ba. Dan Allah gaskiya ne? In gaskiya ne babu abin da za a sa a madadinsa? Kuma ya halaccinsa? Ɗan Mahauta, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, a gaida Baba. Abokin naku mai bayoloji bai yi ƙarya ba, labarinsa ne dai ya ɗan kwana biyu.

Ƙwayar halitta in ka ciro ta daga jikin saniya ka sa a kwano, ba ta da baki ba ta da hanji, a cikin ruwa take kwance tana tsotsa. Ruwan akwai suga, gishiri, bitamin da tubalan gina furotin, wannan duk mai sauƙi ne tun shekarun 1950 aka san haɗinsa. Amma ko ka cika mata kwanon da abinci ba za ta hayayyafa ba sai ta ji umarni, a jiki kuwa jini ne ke kawo umarnin. Shi ya sa masu lab suke zuba abin da ake kira FBS, wato ruwan jinin ɗan tayin saniya, kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na ruwan. Kai ka fi ni sanin inda ake samo shi, domin ka sha ganin an yanka saniya an farke sai ga ɗa a ciki. A manyan mayankan ƙasashe irin su Birazil da Ostireliya ba sa zubar da shi, allura suke sokawa a zuciyar ɗan tayin su zuƙe jinin, a bar shi ya daskare, ruwan da ya taso sama shi ne kayan. Lokacin ina ɗalibi na riƙe kwalbarsa da hannuna, rabin lita, kalar tsohuwar zuma, daga firiza ake ciro shi kamar dutse a narkar da shi a ruwan ɗumi, malamarmu kuwa tana tsaye a kanka kar ka ɗigar da ko ɗigo, domin kwalba ɗaya ɗaruruwan daloli ce, ranar da aka ɗauke wuta kuma janareto ya ƙi tashi wlh ba wanda ya yi barcin kirki.

Naman farko da aka nuna wa duniya a Landan cikin Agustan 2013, wanda Farfesa Mark Post na Jami'ar Mastirit a Holan ya haɗa, da wannan ruwan aka raine shi, kuma ya ci kusan yuro 250,000. Haka kazar da Singafo ta fara ba wa izinin sayarwa a Disambar 2020. To ka ga abin dariya, kana cewa ka zo ka rage yanka amma sana'arka ta dogara da yankan shanu masu ciki, an gudu ba a tsira ba kenan. Ga shi kuma kwalbar yau ba ta zama ɗaya da ta gobe, tunda kowace daga jinin dabbobi daban take, ga tsoron cuta.

Mafitar da aka kama ita ce a daina saye a dunƙule, a binciko me da me ƙwayar take buƙata a cikin jinin, a kawo kowanne daban. Sai aka ga ba su da yawa. A 2011 masu bincike a Wiskonsin ta Amurka suka fitar da wani haɗi mai suna Essential 8, abu takwas kacal, ciki har da insulin mai sa ƙwaya ta sha suga, da furotin mai dakon sinadarin ƙarfe, da wasu 'yan aike guda biyu, FGF2 da TGF-beta, masu cewa "hayayyafa". A 2022 kuma 'yan Jami'ar Tufts suka ɗauki irin wannan haɗin suka ƙara abu ɗaya, albumin, wani furotin da ake samu a jini amma su nasu ƙera shi aka yi, sai ga ƙwayoyin tsokar saniya suna yaɗuwa ba jini, suka sa masa suna Beefy-9. A shekarar dai kamfanin Mosa Meat na su Mark Post ya wallafa yadda yake sa ƙwayoyin su zama zaren tsoka ba tare da FBS ba, a Janairun 2023 Singafo ta amince wa GOOD Meat, kamfanin kazar nan da na ambata, ya koma ruwan da babu shi.

Za ka ce to su insulin ɗin daga ina? Daga yis da bakteriya. Ana sa musu umarnin gado na furotin ɗin da ake so, a ba su suga a tanki su yi ta ƙerawa, a tace. Ba sabon abu ba ne, insulin ɗin da masu ciwon suga ke yi wa kansu allura tun 1982 ake yin sa haka. Wasu ma gona suka nufa, akwai kamfanin ORF Genetics a Aislan da ke noma 'yan aiken nan a cikin ƙwayar sha'ir, wani a Isra'ila a ganyen taba, wani a Kanada a jikin ƙananan ƙudajen da ke bin 'ya'yan itace (wannan kam ni ma raina bai kwanta da shi ba).

Wanda ya fi burge ni shi ne na tunkuza. 'Yan Tufts ɗin da suka ga albumin ya cinye musu kuɗi sai suka koma kan dusar da ke saura bayan an matse man kanola (wani ƙwayar iri ne da ake yin man girki da shi), abincin dabbobi ce da ma, suka ciro furotin daga ciki ya tsaya a madadinsa. Ana kuma gwada narkakken waken soya, ruwan yis da gansakukar ruwa. Duk sanda na tuna wannan sai in tuna buhunan waken soya da ƙuli-ƙuli da ke jibge a kasuwanninmu.

Sai dai kar a ruɗe ka, inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Wani lissafi da aka yi a 2020 ya nuna lita ɗaya ta Essential 8 ta haura dala 350, kuma fiye da kashi 90 na kuɗin 'yan aiken nan biyu ne suka cinye, alhali abin da ake zubawa ɗan mitsitsi ne kamar ƙwayar gishiri. Dalili, an saba yin su da tsaftar magani don asibiti da bincike. Yanzu ana ta ƙoƙarin saukowa matakin tsaftar abinci, har a 2024 wasu masu bincike a Jami'ar Hibru ta Ƙudus suka wallafa haɗin senti 63 kowace lita don ƙwayoyin kaza. Amma abin da ya yi wa kaza ba lallai ya yi wa saniya ko kifi ba, kuma abin da ya yi a kwanon lab daban, tanki mai dubban litoci daban. Ni a ganina an kusa gama da matsalar jini, ta farashi ce da sauran tafiya.

Halacci kuma, ni ba mai fatawa ba ne, ka kai wa malamanku na unguwa. Abin da za ka tafi musu da shi: jinin da aka zubar haramun ne a aya ta 145 ta Suratul An'am, to FBS nan ya maƙale. Cire shi ma bai gama magana ba, domin akwai hadisin da ya ce abin da aka yanko daga dabba tana raye mushe ne, kamfanoni da yawa kuwa daga saniya mai rai suke tsinko ƙwayar. Malaman Saudiyya uku da GOOD Meat ya tuntuɓa a 2023 sun sa sharaɗin dabbar ta zama ta halal, an yanka ta yankan Musulunci, kuma ba jini ba giya a abincin ƙwayar. Kwamitin fatawa na Singafo ma a 2024 ya ce yana iya halatta in tushen da kayan haɗin duk halal ne.

TAMBAYA: Malam ni tsorona kar a ce tsiren da maigida ke sayo mana irin wannan ne. Uwar 'Yan Biyu, Malali.

AMSA: Hajiya ci tsirenki. Ko a Amurka da aka ba kamfanoni biyu izini a Yunin 2023, a wasu gidajen abinci biyu aka ɗan ɗanɗana shi, Italiya ma dokar hana shi ta yi a shekarar. Mai tsiren Malali da zai sa wannan a tsinke ai sai ya sayar da gidansu. Ki dai duba tsaftar teburinsa.