Amsa ga ɗana mai neman kwas ɗin horar da 'yan tsere

Ɗana, ka tambaye ni ko ya dace ka biya kuɗin kwas ɗin kwana uku da ka ga tallarsa a Facebook, wanda aka ce za a ba ka takardar shaidar koci ta ƙasa da ƙasa, ko kuwa ka haƙura ka nemi gurbi a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas. Da wata tambayar ce daban, da na ce ka bari sai mun haɗu a fili da asuba, amma wannan ta fama mini tsohon miki, don haka ka natsu ka karanta.

A shekarar 2010 ina da wani yaro da na ɗauko daga ƙauyukan bayan Pankshin, wanda har yau ban sake riƙe mai ƙafa irin tasa ba. Shekara huɗu ina bin sa a kan babur, agogo rataye a wuyana, cikin sanyin hunturun Filato da ke tsaga leɓe, har ya kai matsayin da babu mai biyo ƙurarsa a gudun kilomita 10 a duk yankinmu. A farkon shekarar ta 2010 ne wani mutum ya sauka Jos, ya kama ɗakin taro a wani otal, ya ce kwas ne na sabunta ilimin masu horarwa. Na sayar da ragon da nake kiwatawa domin layya na biya shi. Ya raba mana takardun da aka kwafa a inji, ciki har da jerin magungunan da aka haramta wa 'yan wasa, kuma sai daga baya na lura cewa saman shafin, wurin da ake rubuta shekara, an datse shi. Na ɗaga hannu na tambaye shi hukuncin maganin mura mai ɗauke da sinadarin sudo'efedirin, ya tabbatar mini a gaban jama'a cewa tuni aka cire shi daga jerin.

An cire shi kam, amma tun a 2004. Abin da bai faɗa ba, ko don bai sani ba ko don bai damu ba, shi ne WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan haramtattun magunguna a wasanni, ta mayar da shi daga 1 ga Janairun 2010, ta ce duk wanda aka samu fiye da maikirogiram 150 a kowace mililita ta fitsarinsa lokacin gasa ya karya doka.

Bayan 'yan watanni muka shiga motar dare zuwa wata gasar kan titi a kudu, mura ta kama yaron a hanya. Ni da ƙafata na je kemis na sayo masa ƙwayar, shi kuma da hanci ya toshe masa cikin dare sai ya ninka abin da na ce ya sha. Washegari ya shiga cikin ukun farko, aka ja shi gefe aka karɓi fitsarinsa, ni kuwa ina tsaye ina murna hankalina kwance. Da takarda ta iso, aka karɓe kyautar, aka dakatar da shi, domin doka ta ɗora wa ɗan wasa alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko wane ne ya ba shi. Mahaifinsa ya zo har gidana, bai zage ni ba, ya dai ce in ba shi ɗansa. Yanzu yaron yana haƙar kuza, yana da 'ya'ya uku, kuma idan muka haɗu har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe ni, abin da ya fi zagi ƙona mini rai. Mai kwas kuwa, lambar wayarsa a kashe take tun daga wannan shekarar.

Saboda haka kada ka ba kowa ko kwabo sai ka san hukumar da ta tsaya masa. Cibiyar Legas ta gwamnati ce kuma an san takardarta. Hukumar tsere ta duniya, wadda ake kira IAAF kafin 2019, tana da nata kwasa-kwasan mataki-mataki, kuma ta hannun AFN, hukumar tsere ta Najeriya, ake shiga, ba ta hannun ɗan talla ba. Maganar ɗumama jiki da shan ruwa da ranar hutu ba zan ɓata tawada a kanta ba, wanda bai san wannan ba bai kamata ya riƙe agogo ba.

Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu shi ne takardar kuke so domin ɗaukar hoto, alhali abin da muka sha wahalar nema yana cikin wayar da ke aljihunku. WADA tana fitar da sabon jeri kowace shekara tun kafin ƙarshenta, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, kuma tana da darussa kyauta a intanet da ake kira ADEL. Ka san an haramta taramol lokacin gasa tun daga 2024, ƙwayar da yaranmu ke saye a bakin tasha kamar gyaɗa? Ka san tun 2020 aka ƙayyade kaurin ƙasan takalmin gudun titi kada ya wuce milimita 40? Na tambayi matasan koci biyar a fili kwanan baya, ɗaya ne kawai ya amsa daidai.

Kafin mu fara shirin gudun fanfalakin Legas na watan Fabrairu, ka bugo mini jerin bana a takarda, shekarar tana fitowa sarai a samansa, sannan ka gaya wa kowane yaro ya zo ranar Asabar da duk maganin da ke cikin jakarsa, har da jiƙon gargajiya.